Kaka Lindsay da Gashin Biskit

Har yanzu idan na ji kare ya yi haushi sai in tsaya cak in saurari muryar, ko da karen wani ne can a titi. Sati shida ke nan da faruwar abin, ban daina ba. Amma ba labarina nake son bayarwa ba. Labarin kakana ne, Lindsay Pascoe, mahaifin mahaifiyata.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar 'yan makaranta a tsaunukan bayan Coffs Harbour, yana hawa yana gangara tsakanin gonakin ayaba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, rana ta gasa masa kunnuwa duk da malafar da ba ya rabo da ita. Duk wanda ya tashi a yankin nan ya taɓa zama a motarsa, kuma abu ɗaya suke tuna shi da shi. Idan ya sauke yaro na ƙarshe ya koma gareji, ba ya kashe mota ya kama gabansa. Sai ya taka har baya yana dafa kowace kujera da hannu, yana leƙa ƙarƙashi. Madubi ya riga ya nuna masa babu kowa, amma sai ya dafa. Sauran direbobi suka riƙa cewa Lindsay yana sallama da kujeru. Sau ɗaya tak a duk shekarun nan ya tarar da wata 'yar shekara biyar ta yi barci a ƙarƙashin kujerar baya, ranar da kwalta ke narkewa don zafi. Bai taɓa yin tutiya da wannan ba. A bakin yarinyar na ji bayan ta girma, ita ce yanzu take sayar mana da magani a cikin gari.

Kakata Noelene mai gyaran gashi ce, shagonta ɗan ɗaki ne a jikin gidan. Tana da asma, shi ya sa suka yi shekara arba'in babu kare a gidan, alhali shi a cikin karnuka ya tashi. Da ya yi ritaya sai ya koma bin ta ɗaki-ɗaki yana gyara abin da bai lalace ba, har ranar da ta ce ko dai a samo masa kare ko ta sayar da shi. Aka samo masa irin karen da ake kira labradudul. Uwarsa irin karnukan nan ce masu ɗauko wa maharbi agwagwa daga cikin ruwa, ubansa kuwa fudul ne mai nannaɗaɗɗen gashi. Ya ɗauko haƙurin uwar da son ruwanta, ya ɗauko gashin uban. Launinsa ya sa Noelene ta raɗa masa Biskit.

Don ba ya zubar da gashi aka zaɓe shi, kuma gaskiya ne, ƙirjin Noelene bai taɓa tashi saboda shi ba. Sai dai gashin da bai zuba ƙasa ba yana nan a jiki, yana cuɗewa da sabo, idan ba a kai mataji har fata ba sai ya dunƙule ya koma kamar tabarma. Suka raba aikin. Ita ce mai mataji da almakashi, duk Asabar take ɗora shi a kujerar shago ta ɗaura masa tawul kamar sauran masu zuwa, kuma ba ta yarda injin aski ya taɓa shi ba ko sau ɗaya. Shi kuwa nasa aikin duba kaska ne.

Kaskar bakin tekun nan ba irin mai shan jini ta faɗi ba ce. Idan ta kwana uku ko huɗu a jikin kare, dafinta yana shanye ƙafafun baya, ya hau sama har ya kama numfashi. Ƙananan dabbobin daji masu tono a lambu ne suke kawo ta, kuma daga watan Satumba zuwa Kirsimeti ta fi yawa. Kowane gida mai kare yana ba shi ƙwayar rigakafi, masu kula kuma suna haɗawa da duba. Kaka kullum yake yi, da yamma kafin shayi. Zai durƙusa a baranda, Biskit ya zo da kansa ya miƙe. Ya fara daga hanci, ya bi leɓe ciki da waje, ya kewaye idanu, ya shiga kunnuwa, ya cire abin wuya ya bi maƙogwaro, sannan hammata da tsakanin yatsu har jela. Ba ya kallo, idonsa ma a rufe yake, rediyo na ba da labarin wasan kurket a kan taga.

Shekara uku ke nan da rasuwar Noelene. Tun daga ranar ya haɗa aikin biyu. Da almakashinta yake rage gashin, a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya, har maƙwabta suna tambaya ko injin yankan ciyawa ne ya bi ta kan karen. Mamata ta sha cewa a kai shi wurin masu aski a sauke gashin gaba ɗaya kowa ya huta.

“Uwarki ba ta sa masa inji ba,” yake ce mata, “ni ma ba zan fara ba.”

A watan Satumba aka yi masa aikin gwiwa. Ni ce marar aiki a dangi, na gama jami'a tun Disamba, na aika takardar neman aiki wuri sittin da wani abu, don haka ni aka tura in zauna da shi. Na isa da akwati ɗaya, na tarar da shi a falo an ɗora ƙafar a kan matashi, Biskit ya ɗora haɓa a ɗaya ƙafar.

“Ga mai digiri ta iso,” in ji shi. “Biskit, tashi ka gaishe ta, tsara birane ta karanta. Wataƙila ta tsara mana inda za mu riƙa ajiye takalma.”

“Tsoho, ka yi a hankali, ni ke riƙe da maganinka.”

“Kin iya dafa ƙwai?”

“Na iya.”

“To an ci riba. Uwarki har ta yi aure ba ta iya ba.”

Likita ya hana shi durƙuso na wata biyu, saboda haka tun ranar farko ya danƙa mini duban. Daga kujera ya yi mini bayani, na yi a gabansa sau biyu, ya ce ba laifi. Daga nan sai na riƙa fita da Biskit baranda, shi yana ciki.

Kwana huɗu na yi ina yi yadda ya ce. Aikin yana cin minti ashirin, hannu biyu yake so, kuma gashin Biskit yana da kauri, sai ka tura yatsa da ƙarfi kafin ka ji fata. Ni kuwa a lokacin hankalina yana kan waya. Da yamma ne kamfanoni suke aiko da amsa, duk ƙarar da ta yi sai gabana ya faɗi. Rana ta biyar na ɗauki buroshi a hannun dama, waya a hagu. Na ce ai idan da kaska buroshi zai taɓo ta. Gashin ya tashi ya yi laushi kamar auduga, Biskit yana lumshe ido don daɗi.

“Tamsin, kin duba?” in ji Kaka daga ciki.

“Na duba.”

“Har kunnuwa?”

“Har kunnuwa, Kaka.”

Haka muka yi sati uku. Biskit bai taɓa yin kyau irin na lokacin ba. Idan na kai shi bakin teku yara suna roƙon in bari su taɓa shi, wata mata har hoto ta ɗauka. Kaka da kansa ya dube shi wata rana ya ce rabon da ya ga gashin haka tun Noelene tana nan. Na ji daɗin maganar.

Ranar wata Talata da hantsi mai raba wasiƙu ya tsaya da babur ɗinsa a ƙofa. Shekara tara Biskit yana yi wa mutumin nan haushi uku, ba ƙari ba ragi, sannan ya karɓi shafa. Ina kicin ina wanke kofuna na ji ya yi. A kunnena haushi ne kawai.

“Tamsin.” Ban taɓa jin Kaka ya kira ni da irin wannan muryar ba. “Kira shi. Ki tsaya can ƙarshen baranda ki kira shi.”

“Me ya faru?”

“Muryarsa ta dusashe. Kira shi, ina son in ga tafiyarsa.”

Na kira. Ya taso yana kaɗa jela, ya yi taku biyar lafiya, a na shida ƙafafun baya suka yi tangaɗi kamar na mashayi. Ya zauna daɓas, ya dube ni, ya sake yunƙurawa. Sai ya fara kakarin amai babu abin da ya fito.

Ban san lokacin da Kaka ya miƙe ba. Na dai gan shi a tsaye da sanda, ya riga ya sa malafa.

“Kada ki ba shi ruwa, zai shaƙe. Kada ki bar shi ya taka. Ɗauke shi.”

“Kaka, likita ya ce kada ka…”

“Likita ba shi da kare. Ɗauko makulli.”

Biskit ya kai kilo talatin. Na rungume shi na kai shi gaban a-kori-kurar Kaka, tsohon ya ja ƙafarsa ya shiga, ya ɗora kan karen a cinya. Minti ashirin da biyar ne zuwa asibitin dabbobi, hanyar duk kwana ce. Sau biyu mota ta mutu mini.

“Sauka giya ta biyu kafin kwanar nan,” in ji shi a hankali, kamar yana koya wa sabon direba. “Yawwa. Kada ki dube mu, ki dubi hanya. Mu muna nan.”

Ta gefen ido ina ganin yatsunsa a cikin gashin, suna bin hanci, suna bin leɓe, suna shiga kunne. Har muka isa bai ce ya sami komai ba.

Likitar, Dakta Jasleen Grewal, 'yar masu gonar ayaba ce a Woolgoolga, ita ma ta taɓa zama a motarsa. Ta ɗora Biskit a tebur, ta saurari ƙirji, ta tura yatsu bayan kunnen hagu, sai ta tsaya.

“Baba Lindsay, nan duk ya dunƙule. Yatsana ba ya kaiwa fata.” Ta gwada wuya, ta gwada hammata. “Sama ne kawai yake a taje. Yaushe aka ba shi ƙwayar rigakafi?”

Muka dubi juna ni da Kaka. A jikin kalandar kicin yake rubuta ranar, kuma sai a lokacin na tuna kalandar tana nan a shafin Agusta, tun kafin ya shiga asibiti ba wanda ya juya ta.

“Zan yi masa allurar kashe dafin yanzu,” in ji ta. “Amma in akwai wata kaskar a ƙarƙashin nan da ban gani ba, allurar aikin banza ce. Sai na aske shi duka, har fuska. Na san Anti Noelene ba ta…”

“Aske shi.”

“Baba, ina nufin ƙwal, ba ragewa ba.”

“Jasleen, na ji ki tun farko. Da can ma a mota surutu ya yi miki yawa. Sa inji.”

Ya ƙi fita. Aka kawo masa kujera ya zauna a gefen tebur, ya riƙe ƙafar gaba ta Biskit, injin yana kuka. Gashin bai zuba sili-sili ba, a haɗe ya riƙa saluɓowa kamar ana cire riga. A bayan kunnen hagu aka sami ta farko, toka-toka, ta kumbura ta kai ƙwayar wake. Ta biyu tana ƙarƙashin abin wuya, inda buroshina ya bi ta kai sau ashirin. Dakta Jasleen ta sa su a 'yar kwalba.

Ta ce mu tafi gida. Ta ce dafin yakan ci gaba da aiki kwana ɗaya ko biyu bayan an cire kaskar, sai jikin ya ƙara tsanani kafin ya yi sauƙi, idan zai yi. Za su sa shi a ɗaki mai sanyi da shiru, babu ci babu sha, babu mai ziyara, don ko murnar ganin mai shi tana iya ƙure masa numfashi. Wannan ne kawai ya sa Kaka ya yarda ya tashi.

Washegari da safe ta bugo ta ce ƙafafun gaba ma sun saki, yana nishi, sun sa masa iskar taimakon numfashi. Kaka ya ce to, ya gode, ya ajiye waya. Na gasa masa burodi na shafa man shanu, ya bar shi ya huce. Da yamma, daidai lokacin duba, na gan shi ya ja sanda ya fita baranda ya zauna. Hannayensa suna kan gwiwa a buɗe, ba su da abin yi.

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, inda Biskit yake kwanciya.

“Kaka, ban duba ba. Kwana huɗu kawai na yi. Sauran duk buroshi ne. Kana tambayata ina ce maka na duba.”

Ina jira ya yi faɗa, na ma fi son ya yi.

“Miƙo mini cokalin shayin can,” in ji shi.

Na miƙa. Ya rufe ido, ya ce in taɓa masa kan yatsa da bakin cokalin, duk wanda na ga dama, shi zai faɗi wanne ne. Na taɓa manuni. Shiru. Na danna na tsakiya da ƙarfi. Shiru.

“Kin fara?” in ji shi.

Na ajiye cokalin.

“Ciwon sugan nan ne. Ya fi shekara. Jiya a mota na bi ta bayan kunnen nan sau uku, Tamsin, ban ji komai ba, ko dunƙulen gashin ban ji ba. Ba a sati uku gashi yake zama haka ba. Matajina ma ya daɗe ba ya kaiwa fata, ni ban sani ba. Ashe ƙwayar nan ce take ta rufa mini asiri.”

“Me ya hana ka faɗa?”

“In faɗa wa wa? Uwarki? Ta zo ta ce tsoho ya gaza, a raba shi da kare?” Ya murza yatsun da babban yatsa. “Kuma shi yana zuwa ya kwanta. Ƙarfe biyar yana yi zai zo ya miƙe a gabana. In ce masa me?”

Na kifa kaina a kan lafiyayyar gwiwarsa na yi kuka sosai. Ya ɗora hannu a kaina.

“Ke kina da yatsu ba ki duba ba, ni ina dubawa ba ni da yatsu. Kare ɗaya, sakarkaru biyu. Da kakarki tana nan da mu biyun za ta aske.”

Ranar Alhamis babu canji. Ranar Juma'a da safe Dakta Jasleen ta ce ya ɗaga kai, ya haɗiye yawu da kansa. Ranar Asabar ya lashi ruwa a cokali bai shaƙe ba. Ranar Litinin muka je ɗauko shi.

Da aka fito da shi ban gane shi ba. Ashe ɗan siririn kare ne, mai dogayen ƙafafu kamar na barewa, fatarsa ja-ja, kunnuwan kamar ganyen da aka jiƙa. Yana tafe yana haɗa hanya. Da ya hango malafa sai jelar nan tsirara ta fara kaɗawa har ta kusa kayar da shi.

“Kai, dube ka,” in ji Kaka. “Kamar kazar da aka fige. Zo nan, mummuna. Zo.”

Sati biyu aka ce kada ya yi gudu, kada ya shiga rana. Kaka ya ciro wata tsohuwar rigar sanyi ta Noelene, mai ruwan hoda, ya yanke hannayen da almakashinta ya sa masa. Ni na juya kalanda, na zagaye ranar ƙwaya da jan biro, na kuma sa a wayata. Kaka ya buga wa mamata da kansa ya gaya mata maganar yatsun. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ba ta ce a raba shi da kare ba. An sa wa Kaka ranar ganin likita a wata mai zuwa.

Yanzu tare muke duban. Na sa wani tsohon tebur a baranda don kada ya durƙusa, Biskit yana hawa ta kan akwaku. Kaka yana ɗora hannunsa a bayan nawa, shi ke tuƙi, ni ke ji. Wayata tana ɗaki. Hanci, leɓe, idanu, kunnuwa. Idan na yi sauri sai ya danne hannun.

“Ina za ki? Ba a gama da kujerar nan ba.”

Ran nan a hammatar dama na ji wani ɗan ƙullutu. Na tsaya cak, na nuna masa wurin. Ya sa tabarau ya leƙa, ya fashe da dariya.

“Wannan tun yana ɗan wata shida yake da shi. Kakarki ma sai da ta sa na tuƙa mu asibiti a kansa, da abin naɗe gashi a kanta. Ki riƙe wurin a ranki, gobe za ki same shi a nan.”

Gashin ya fara tsirowa, gajere, a nannaɗe kamar na ɗan rago. Kaka ya ce idan ya kai tsawon gaɓar yatsa za mu riƙa kai shi a rage da inji, aƙalla har kaska ta wuce. Da ya faɗa sai ya dubi ƙofar tsohon shagon, ya ɗaga malafa kaɗan, ya mayar.

Murya ce ta fi daɗewa ba ta dawo ba. Sati huɗu mai raba wasiƙu yana tsayawa, Biskit ya buɗe baki sai iska ta fito. Ranar Talatar da ta wuce ina kicin na ji babur ya tsaya, na kashe famfo. Haushi uku, garau, har kwanon ruwansa ya amsa.

Na leƙo falo. Kaka bai ɗago daga jarida ba.

“Mai digiri,” in ji shi, “ƙarfe biyar fa. Kada ki ce don ya yi haushi an gama.”